Na sa tarkon ɓarawon rago, sai na kamo sirrin maƙwabci

Bara ana saura kamar sati biyar layya anka shiga gida biyu a kartiyenmu anka kwashe raguna, gida na biyun ma tsakaninmu da shi lungu ɗaya ne, kuma abin takaicin mutanen gidan suna kwance a tsakar gida saboda zahi amma ba wanda ya ji ko kukan rago, sai da asuba sunka tarar da igiya a turke an yanke ta. Ni kuwa raguna biyu gare ni da nike turka tun watan azumi, ɗaya na layya ɗaya na saidawa, dussa da harawa da kowar wake duk sun cinye mani aljihu, to ka ga barci ya ƙaurace. Kwana uku ina kwana kan tabarma kusa da su da tocila da gora kamar wani mai gadin kasuwa, da sahe in tahi shago ido jawur ina ƙona wa mutane telefon da garwashin solda. Uwargida ta ce wai ko sadda tana amarya ban yi gadinta haka ba.

Sana'ata gyaran rediyo da telefon ce, nan kusa da babbar kasuwa, kuma ina da ɗan wifi zon da nike saida tike ga samarin unguwa. To mai gyara ba ya rasa dabara ko da ta banza ce. Na fara da ampul ɗin nan mai kapter da ake saidawa, wanda in mutum ya gitta sai ya kunna kanshi. Irin wannan ɗumin jiki shike ji, wato shina lura da bambancin zahin jikin mutum da na wurin da ya gitta. Can inda anka ƙera shi ƙila shina aiki da kyau, amma a Maradi cikin watan Mayu katanga da ta sha rana tun hantsi har ƙarfe goman dare tana huci, zahinta da na jikin mutum kusan ɗaya, jikin mutum digiri 37 ne katangar ma can take, to mi zai bambanta? Sai ka zo dab da shi kana daga hannu kamar mai tsaida kabu-kabu kana ya ga dama ya kunna. Na ce wannan ɓarawo zai gama kwance rago har ya yi mashi sallama bai farka ba.

Ƙanena da ke karatu a inibarsite Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ya zo ya same ni ina ta tsaki, ya ce Yaya ka bar wahalar da kanka, akwai wani ɗan abu. Washegari ya kawo mani shi cikin leda, ɗan falle ne bai fi tsawon babban yatsa ba, an rubuta RCWL-0516 a jikinshi, kuɗinshi bai kai na buhun dussa rabi ba. Na juya shi na juya, ba ido ba madubi ba komi, sai wani zanen jan ƙarfe kamar maciji a jikin allon. Ya ce wannan zanen shi ne eriya, abin nan radar ce ƙarama. Na yi dariya, don ni radar da na sani ita ce ta hilin jirgi mai juyawa, ko wadda jandarma ke riƙewa a bakin gudiron. Ya ce ai duk uwarsu ɗaya.

Na haɗa shi da rele, wato ɗan makunnin da sigina ke kunnawa, da ampul da ɗan ƙararrawa, na ba shi wuta daga batirin pano saboda ɗaukewar kuran, na ɗaure shi a jikin katangar gabas inda nike zaton in ɓarawo zai diro ta nan zai diro. Na yi nesa da shi daga turken saboda su kansu ragunan ba su zama wuri guda. Ƙanena kuma ya ƙara wani ɗan allo da ake kira ESP32 wanda duk sadda abin ya ji motsi zai rubuta lokacin ya turo mani a telefon ta wifin gida. Ni a lokacin wannan rubutun lokaci ado ne kawai na ɗauke shi.

Daren farko ba wanda ya runtsa a gidan. Ƙarfe sha ɗaya tiii, na zabura da gora, ba kowa. Sha ɗaya da kwata tiii, ba kowa. Kahin sha biyu ya yi kuka ya fi sau goma, tsakar gida wayam, ko kyanwa babu. Uwargida ta leƙo ta ce Maigida ko dai mutanen ɓoye abin naka ke gani, in su ne don Allah ka kashe kada ka jawo muna abin da ya fi ɓarawo. Na cire ƙararrawar na bar ampul kaɗai na zauna ina kallo, sai na lura duk sadda zai kunna sai na ji takun mutum ko ƙarar moto a lungun da ke bayan kusurwar katangar. Wato masu wucewa a waje shike ji, ta cikin gini.

Da sahe na sa ɗana ya hita lungu, na ce ka yi ta kai da kawo, in na ce tsaya ka tsaya cak. Shina tahiya ampul na kunnawa, ya tsaya cak kamar gunki sai bayan 'yan daƙiƙu ya mutu, ya ɗaga ƙafa ya kunna. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi duk da na san ba tsahi ba ne. Ranar ban je shago da wuri ba, na yi ta gwaji kamar yaro ya samu sabon abin wasa. Bayan zana kamar babu komi, shina ji sarai. Bayan ƙyauren katako haka. Bayan birik na siminti mai rami shina ji amma nisan ya ragu. Tsohon ginin ƙasa mai kauri na ɗakin tsohuwarmu sai mutum ya matso sosai. Amma da na sa yaron bayan ƙyauren tol, shiru, ko rawa ya taka ba ya ji. Daga baya da ruwan farko ya sauka katangar ƙasa ta jiƙe na sake gwadawa, nan ma jin ya ragu ƙwarai, don ruwa shina shanye irin wannan igiyar rediyo.

Ga yadda abin shike, kamar yadda na fahimta bayan ƙanena ya yi ta zana mani a bayan kwalin sigari. Ɗan allon nan shina watsa igiyar rediyo ba tsayawa, wajen gigahas 3.2, wato tana kaɗawa sau miliyar uku da 'yan kai a daƙiƙa guda, kuma gudunta gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Duk abin da ta ci karo da shi, wani sashe ya ratsa, wani ya shanye, wani ya dawo kamar amsa-kuwa. Jikin mutum kuwa fiye da rabinshi ruwa ne, shina maido ta da kyau. Katanga ma tana maidowa, turmi ma, randa ma, amma su ba su motsi, abin da sunka maido jiya shi za su maido gobe, na'urar ba ruwanta da su. Wanda ke motsi shi ne amsa-kuwarshi ke dawowa da ɗan canji. Kowa ya san wannan canjin da kunnenshi ko bai san sunanshi ba: tsaya a bakin hanyar Ɗan Isa babbar mota ta taho tana oda, tana matsowa muryar na siriri, tana wuce ka sai ta yi kauri, alhali direba bai canza komi ba. Wani Bature ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin wannan tun 1842, shi ya sa ake kiran abin da sunanshi. Abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantar canjin. Tsawon igiyar nan santimita 9 ne da ɗan wani abu, mutum mai tahiya mita ɗaya a daƙiƙa canjin da zai kawo bai wuce kaɗawa 20 ko 21 ba, cikin miliyar uku. Kamar ka zuba ƙwayar gero ashirin cikin rumbunan Maradi duka ka ce a nemo su. Dabarar ita ce na'urar tana gauraya abin da ta aika da abin da ya dawo, sai duk miliyoyin nan su kashe juna, ashirin ɗin kaɗai ke saura, su take ƙirgawa.

Tun daga nan na kamu da ciwon karance-karance, in ba kowa a shago sai in yi ta tonon tarihin abin a telefon. Wai ashe da gangan ma ba a fara shi ba. A 1922 wasu ma'aikatan sojan ruwan Amurka biyu, Taylor da Young, suna gwajin rediyo tsakanin gaɓa biyu na kogin Potomac, sai wani jirgin ruwa ya ratsa tsakani sigina ta yi rawa, sunka ce af, ashe ana iya sanin wucewar jirgi ko cikin duhu ko hazo. Kahin su ma wani Bajamushe, Hülsmeyer, ya nuna na'urar gano jiragen ruwa a kogin Rhin tun 1904, ba wanda ya saye. Amma labarin da ya fi yi mani daɗi na Ingila ne saboda akwai tunkiya a ciki. Kahin yaƙin duniya na biyu ana ta raɗe-raɗin wani haske mai kisa daga nesa, har ma'aikatar jiragen saman yaƙinsu ta sa ladar fam 1000 ga duk wanda ya kashe tunkiya da shi daga nisan yadi 100. Ba wanda ya ci, tumaki sunka tsira. Anka tambayi wani masanin rediyo, Robert Watson-Watt, ko abin zai yiwu, mataimakinshi Arnold Wilkins ya buga lissahi ya ce kisa kam ba zai yiwu ba, amma gano jirgin sama zai yiwu. Ran 26 ga Fabrairu 1935 sunka gwada, kuma ba su gina tashar watsawa ba, da tashar gajeren zango ta BBC da ke Daventry sunka yi amfani, kan mita 49, wannan dai mita 49 da tsohinmu ke murɗawa su nema a akwatin rediyo. Sunka aje mota da na'urar kamawa a wani hili, jirgin yaƙi ya gitta, sigina ta yi sama da ƙasa, sunka bi shi har wajen kilomita 13. Ni da na share shekaru ina gyaran rediyon tsohi ban taɓa sanin gajeren zango ya yi wannan aikin ba.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, ko da ba mu munka riƙe na'urar ba. A 1968 wani masani Glen Schaefer ya kawo radar irin ta jiragen ruwa arewacin Nijar don ya bi fara da dare, kuma ana lissafa aikin cikin na farko-farko da anka yi na bin ƙwari da radar a duniya. Har kaɗawar fiffiken fara ana gani a siginar da ta dawo. Wanda ya ga farar 2004 da abin da ya biyo baya a 2005 a jihar nan ba sai an yi mashi dogon bayani kan amfanin sanin inda fara ta dosa ba.

To bari in dawo kan wifi, don nan ne abin ya fara damuna. Da hutu ƙanena ya zo shago da kwamfutarshi ya ce Yaya ka san ruter ɗin nan naka mai watsa wifi ma radar ce in an so? Na ce kai dai ba ka rabo da magana. Ya aje ESP32 ɗaya a kan kanta, ruter na can saman shelf, tsakaninsu kamar mita huɗu, ya buɗe wani abu a kwamfuta sai ga layuka masu launi kwance suna tahiya. Ya ce kowa ya tsaya. Layukan sunka kwanta lum. Ya ce wa yaron shagona ratsa. Yaro na ratsawa layukan sunka hargitse kamar an jefa dutse a tabki. Kuma ba sai ya bi ta tsakaninsu ba, ko ta gefe ya bi suna motsi, don siginar wifi ba hanya ɗaya take bi ba, tana bugun bango ta bugi rufi ta bugi kanta da mutane kana ta iso, kowace ta iso da nata lokacin, in mutum ya gusa sai duk haɗin ya canza. Wifi kuma tashar da take aiki a kai a rarrabe take, ƙananan layuka hamsin da wani abu, kuma dole na'ura ta riƙa auna halin kowane layi don ta gyara saƙon da ya iso a karkace. Wannan awon shi ake kira CSI. Wato ba don leƙen kowa anka yi shi ba, don intanet ya yi kyau ne, amma tunda awon na nan sai masu bincike sunka ce bari mu karanta shi.

Sai ya ce in zauna kan kujera tsakani in yi shiru, kowa ya hita, ya kashe fanka. Na zauna. Can sai na ga wani layi shina hawa a hankali shina sauka a hankali. Ya leƙo ta taga ya ce Yaya riƙe numfashi. Na riƙe, layin ya miƙe. Na saki, ya ci gaba da hawa da sauka. Ƙirjin mutum in shina numfashi motsinshi bai wuce santimita guda ba, galibi ma ƙasa da haka, amma igiyar wifi ta gigahas 2.4 tsawonta santimita 12 da rabi ne, ta gigahas 5 kuwa wajen 6, to rabin santimita ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Gaskiya sai da munka gwada wuri uku kahin ya hito da kyau, kuma da anka kunna fanka komi ya dagule. Amma na ga numfashina a allo, ba kamara ba waya a jikina, da ruter ɗin da nike saida tiken dala ashirin da shi.

Masu abin sun yi nisa. A jami'ar MIT ta Amurka wata farfesa 'yar asalin Siriya, Dina Katabi, da ɗalibinta Fadel Adib ɗan Labanan, sun nuna a 2013 ana iya bin motsin mutum a bayan bango da sigina irin ta wifi. Dabararsu eriya biyu ce masu watsawa, an saita su yadda abin da ya dawo daga bango da duk wani abu mai zaman wuri guda zai kashe juna, sai na mai motsi ya rage. A 2015 sunka nuna wata na'urar tasu da ke ƙirga numfashi da bugun zuciya daga nesa. A ƙarshen 2022 wasu a jami'ar Carnegie Mellon sunka haɗa ruter na kasuwa da ƙirƙirarriyar basira sunka zana yadda mutum ke tsaye ko zaune, hannu nan ƙafa nan. Kamfanin Linksys a 2019 ya fara saida wannan jin motsi a cikin ruter ɗinshi a matsayin gadin gida, kuma ƙungiyar IEEE mai tsara ƙa'idojin wifi ta kafa kwamiti a 2020 don a shigar da shi cikin ƙa'idar kanta, sunan aikin 802.11bf. Amfanin kuwa ba a musu. A girgizar ƙasar Nepal ta Afrilun 2015 wata na'ura mai suna FINDER da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta taimaka anka ƙera ta ji bugun zuciyar mutum huɗu a ƙarƙashin ɓaraguzai wajen mita uku, anka tono su da rai. Mu da kowace damina sai ginin ƙasa ya rufta wa mutane, ina ma a ce 'yan kwana-kwananmu suna da irinta. Ko tsoho mai kwana shi kaɗai a ɗaki, in ya faɗi a sani, ba tare da an kafa mashi kamara a makwanci ba.

Sai dai masu turo bidiyo a WhatsApp wai yanzu wifi na ganin mutum tsirara ta bango, su ma su rage. Ba hoto take ɗauka ba, ba ta san fuska ba. Yawancin gwaje-gwajen nan a ɗakunan bincike anka yi su, bangonsu na allo ne marar kauri, an horar da na'urar da wannan ɗakin takamaimai, in ka kai ta wani ɗaki sai ta rikice. Kawo ta gidan Bahaushe mai mutum goma sha biyar da awaki da kaji da fanka da labule na kaɗawa da rufin kwano ka ga yadda za ta haukace. Ni ma da farko da wannan na kwantar da hankalina, na ce ai motsi kaɗai take ji, ba ta san ko wane ne ba, to ina abin damuwa.

Ana saura kamar kwana goma sallah ina kwance da dare ina duba jerin lokutan nan da ESP32 ke turo mani, don in ga ko akwai sa'ar da masu wucewa ke yawa a lungu. Bayan sha biyu lungun kan mutu, sai ɗai-ɗai. Amma na ga wani abu: wajen ƙarfe uku da 'yan mintuna akwai motsi, sai shiru kamar minti goma, sai motsi kuma. Ba kullum ba. Dare biyu akwai, dare biyu babu, dare biyu akwai, dare biyu babu, haka tun ranar da na kafa abin. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan wani ne ke zuwa shina nazarin gidan. Na kwana biyu ina labe da gora a daidai lokacin, ampul ya kunna, na leƙa lungu ta saman katanga ba kowa. Sai a dare na biyu na ji ƙarar buta da zubar ruwa, ba daga lungu ba, daga gidan Baba maƙwabcina, don rabin katangar gabas ɗin nan tamu ce da shi. Na manta ɗan allon nan ba gabanshi kaɗai shike ji ba, har bayanshi da gefenshi, kewaye shike watsawa. Tsohon ne ke tashi alwalar nafila. Na ji kunya ƙwarai, mutum na ibadarshi tsakaninshi da Ubangijinshi ni kuma ina nan ina rubuta mashi rajista.

Da sahe na nuna wa uwargida, na ce kin ga ashe Baba ne, amma abin da ban gane ba mi ya sa dare biyu shina tashi dare biyu ba ya tashi. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi tana kallon telefon ɗin ba ta rufe baki da mayahi tana dariya. Ta ce kai dai Maigida boko ya ɓata ka, wa ya ce maka ba ya tashi? Ɗakin da ke jikin katangarmu na amarya ne, na Hajiya babba shina can ƙuryar yamma. Kwana bibbiyu suke.

Na rasa inda zan sa kaina. Na'urar da ba ta san fuska ba, ba ta san suna ba, ba ta san namiji ko mace ba, ta ba ni rabon kwanan gidan dattijon da ya girmi ubana, sati uku cur, da minti da daƙiƙa. Ita dai motsi ta ji ta rubuta lokaci, sauran kuwa mu munka cika da abin da munka riga munka sani, kuma a unguwa irin tamu kowa ya riga ya san rabin labarin kowa. Duk tsarin gidanmu don tare ido anka yi shi, zaure a karkace yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba, katanga ta wuce tsawon mutum, labule a ƙofar ɗaki, sallama sau uku in ba a amsa ba ka juya. Maginan da sunka tsara haka ba su san da wani abu mai ratsa birik ba. Ni kuma da ko leƙen katangar Baba ban taɓa yi ba tunda na tare a gidan, ga ni da abin da ya fi leƙe.

Na goge jerin duka. Uwargida ta ce in yi shiru kawai tunda ba wanda ya sani, amma abin ya tsaya mani a rai, bayan la'asar na same shi a dakalin ƙofar gidanshi shina jan casbi. Na durƙusa munka gaisa, na ce Baba na zo neman gafara ne, na yi mashi bayanin abin da na kafa saboda ɓarayi da yadda ashe shina jin motsin cikin gidanshi. Ban kawo zancen kwana ba, wa zai iya. Ya yi shiru, ya ce ɗana, abin nan shina ganin mutum? Na ce a'a Baba. Ya ce shina jin magana? Na ce ko kaɗan. Ya ce to mi shike sani? Na ce in an motsa ne kawai, da lokacin da anka motsa. Ya ja casbi biyu uku, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, to ai ya san da yawa. Ban san iya abin da ya gane ba kuma ban tambaya ba.

A ranar na sauke shi, na nemo guntun tol na lanƙwasa shi kamar kwano na sa ɗan allon a ciki yadda bayanshi da gefenshi ƙarfe ne, bakin na kallon tsakar gidana kaɗai, na bar tazara tsakaninshi da tol ɗin don in ya manne shi ma rikicewa shike. Na maida shi katangar kudu. Na roƙi Baba ya sa jikanshi ya yi ta zirga-zirga a jikin katangar ta wajensu, ni kuma ina kallon ampul, bai kunna ba. Rubuta lokacin ma na cire shi, na bar ƙararrawa kaɗai, in ta yi kuka na ji in ban ji ba ya wuce.

Ɓarawo dai bai zo ba. Abin da tarkon ya kama har sallah kyanwar maƙwabta ce sau ba adadi, da zakara guda, da ni kaina duk sadda na hito kewaye. Na saida ɗayan ragon ana jajibiri, ribar ba ta taka kara ta karya ba in an cire dussa da barcin da na yi asara. Na kai wa Baba cinya ranar rabon nama, ya sa albarka, har na juya sai ya kira ni ya ce shina da buhunan gero a ɗakin zaure kuma shi ma barcinshi ba nauyi, ko zan haɗa mashi irin abin nan. Na ce an gama Baba. Ya ce amma da kwanon nan naka za ka haɗo, kuma bangon zauren da shagon tela ya haɗa, ka sa bakin ya kalli ƙofa.